NET da gasar March Madness: me ya sa koci ba ya tausayi ko ya ba da tazarar maki 30?

Ɗan Kwando:
Jama'a, masana ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka, a warware mini wannan. Ƙungiya ta ba da tazarar maki 30, saura minti uku a tashi, amma koci ya ƙi cire manyan 'yan wasansa. Mugunta ce, ko lissafin NET, ma'aunin da ake jera ƙungiyoyi da shi bisa ƙarfi, ne ke sa shi?

Mai Lissafi:
Lissafi ne, ɗan'uwa. Kafin kakar 2018-19 da wani ma'auni mai suna RPI ake auna ƙungiyoyi, shi kuwa ba ruwansa da tazara: kashi 25 nasarorinka, 50 na waɗanda ka kara da su, 25 na waɗanda su ma suka kara da su. NET ya zo da wani ma'auni daban, wato makin da kake ci a kowane hari 100 a debe wanda ake cin ka. Da farko akwai ɓangaren da ke tsayar da tazara a maki 10, a 2020 aka cire shi. To idan ka zuba 'yan benci suka zubar da maki 12 a ƙarshen wasa, sai alƙalumanka su yi ƙasa alhali kai ka yi nasara.

Tsohon Alƙali:
Haka ne Malam, amma kada mai tambaya ya ɗauka lambar NET ɗinka ce ke shigar da kai March Madness, babbar gasar ƙarshen kaka da ake farawa a watan Maris. A 2025 gurbi 68 ne: 31 na zakarun lig, 37 kwamitin mutum 12 ke raba su. Babban aikin NET a wurin kwamiti shi ne rarraba abokan karawarka gida huɗu, Quad 1 zuwa Quad 4. Nasara tana zama ta Quad 1 idan ka doke na 1 zuwa 30 a jerin NET a gidanka, na 1 zuwa 50 a filin da ba na kowa ba, ko na 1 zuwa 75 a gidansu. Saboda haka doke ta 70 a gidanta ya fi doke ta 40 a naka daraja. Quad 4 kuwa, nasara a can ba ta ƙara maka komai, faɗuwa kuma tabo ne har Maris.

NC State tana ta 33 a NET a 2019 aka bar ta a gida, don yawancin wasanninta na wajen lig da ƙananan makarantu ta yi su. St. John's tana ta 73 ta shiga.

Mai Lissafi:
Amma dabarar tana aiki idan lig ɗinka mai ƙarfi ne. A biya ƙananan makarantu su zo a lallasa su a Nuwamba da Disamba, kowa a lig ya shiga Janairu da lamba mai kyau, daga nan kusan kowane wasa tsakaninsu ya zama Quad 1 ko 2. Abin da kocin Clemson, Brad Brownell, ya zargi lig ɗin Big 12 da shi ke nan a 2024. Masu shan wuya su ne irin Indiana State, da ke cikin 30 na farko a shekarar amma aka tsallake ta. Manya ba sa yarda su je gidansu, to ina za su samo Quad 1?

Tsohon Alƙali:
Shi ya sa aka ƙara wani ma'auni mai suna WAB (Wins Above Bubble) a takardar kwamiti a kakar 2024-25. Tambayarsa ɗaya ce: da ƙungiyar da ke bakin gaɓar shiga ce ta buga jadawalinka, wasa nawa za ta ci? Tazara ba ta shiga lissafinsa. Duk da haka North Carolina ta shiga a 2025 da nasara 1 cikin wasa 13 na Quad 1, West Virginia mai nasara 6 ta zauna a gida.