Kwamfutar ɗaki da laftof ɗin shago sun ƙi ganin juna, don Allah a taimaka

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masana kwamfuta ku agaza mini, yau kwana huɗu ke nan abin nan ya hana ni sakat.

Sana'ata ɗaukar hoto da bidiyon biki. Ina da babbar kwamfuta a ɗakina mai Windows 10, a cikinta nake tara duk aikin da na ɗauko. Ƙanena kuma yana shagon ƙofar gida da laftof mai Windows 11, shi ke gyaran hoto da haɗa albam. Da filas muke yi: in kwafa, in ba yaro ya miƙa masa, in ya gama ya aiko. To yanzu aikin biki ɗaya, daga kamu zuwa walima, yana kai gigabait 60, ga filas ɗin ya fara lalata fayil. Makon jiya hotunan ɗaurin aure goma sha bakwai suka buɗe rabi hoto rabi toka-toka. Allah Ya rufa asiri ban goge katin kyamara ba.

Shi ne na ce bari in buɗe folda a babbar kwamfutar ya riƙa ɗauka daga inda yake zaune. Na shiga Properties, na shiga Sharing, na ba Everyone izini. Amma a laftof in an buɗe Network babu abin da ke fitowa. Na rubuta \\STUDIO, wato sunan kwamfutar, sai ta ce ba ta sami hanya ba, ta kawo lamba 0x80070035. Alhali dukansu suna hawa intanet lafiya lau. Na nemi HomeGroup da muke amfani da shi a da wajen raba fayil tsakanin kwamfutoci, shi ma na rasa inda ya shiga.

Ɗan Zariya:
Wa alaikumus salam. HomeGroup kam ka daina nema, an cire shi tun 2018. Fara duba wannan: a kowace kwamfuta ka shiga Settings, ka buɗe bayanin Wi-Fi ɗin da take kai, ka ga ko Public aka rubuta ko Private. In Public ne, kwamfuta tana ɗauka a tashar mota take, sai ta ɓoye kanta ta kulle ƙofa. Mayar da su Private, sannan a Advanced sharing settings ka kunna network discovery da file and printer sharing.

Sarkin Gyara:
Yallaɓai kada ka wahalar da kanka. Kashe firewall gaba ɗaya, ka shiga Windows Features ka kunna SMB 1.0, shi ke nan. Ni haka nake wa kwastomomi.

Injiniya Ummu Sudais:
Sarkin Gyara, don girman Allah ka daina yi wa mutane haka. SMB1, tsohuwar hanyar raba fayil ta Windows, ita ce kafar da cutar kwamfuta WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe sama da ɗari, har asibitocin Ingila sai da ta tsayar wa aiki. Daga ƙarshen shekarar ne Microsoft ta daina sako ta a kunne cikin sababbin Windows 10. Kuma kwamfutocin bawan Allan nan ba su da buƙatarta, ko Windows 7 tana jin SMB2. Sai mai Windows XP ko wata tsohuwar na'urar ajiya ne ke neman ta farko.

Baban Hanifa, tambaya ɗaya: rauta nawa ce a gidan? A kowace kwamfuta ka buɗe cmd, ka rubuta ipconfig, ka turo mana lambar da ke gaban IPv4 Address.

Baban Hanifa:
Na mayar da su Private, har yanzu shiru. Hajiya, rauta biyu ce. Akwai ta 4G mai sim a falo, babbar kwamfutar na kanta ta Wi-Fi. Da yake sigina ba ta ratsa katanga zuwa waje, sai na ja kebul daga bayanta zuwa wata tsohuwar rauta da na ajiye a shago. Ga lambobin: ta ɗaki 192.168.8.103, laftof 192.168.0.101.

Injiniya Ummu Sudais:
Yawwa, ga ɓarawon nan. Dubi lamba ta uku: ɗaya 8, ɗaya 0. A wurinka gida ɗaya ne, a wurinsu unguwa biyu ce. Na tabbata kebul ɗin da ka ja a ramin WAN ka soka shi, wanda launinsa ya bambanta da sauran. Da ka yi haka, rautar shago ta ɗauki ta falo a matsayin kamfanin intanet, ta kafa nata gidan, tana raba nata lambobin. Intanet zai wuce ba matsala, shi ya sa ba ka taɓa lura ba. Amma sallamar da kwamfutoci ke yi wa juna, "ga ni nan, sunana wane", ba ta tsallake rauta. Saboda haka sunan STUDIO bai taɓa isa kunnen laftof ba.

Gwada wannan tukuna kafin mu taɓa komai. A laftof danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta \\192.168.8.103 ka danna Enter. Daga rauta ta biyu zuwa ta farko hanya a buɗe take, komowa ce ba ta yiwuwa.

Baban Hanifa:
Allahu Akbar, ta motsa! Ta kawo akwatin suna da kalmar sirri. Amma na sa lambobi huɗun da nake buɗe kwamfutar da su, ta ce ba daidai ba ne. Sau biyar na gwada.

Ɗan Zariya:
Wannan PIN ne, a jikin kwamfutar kawai yake aiki. In da asusun Microsoft ka shiga Windows, imel ɗinka take nema da kalmar sirrin imel ɗin.

Baban Hanifa:
Kai, wannan kalmar tun ranar da yaron da ya yi mini instolin ya buɗe asusun ban sake ganinta ba.

Maman Ilham:
Ku yi haƙuri na katse ku. Ni ma ina son in yi irin wannan tsakanin kwamfutata da ta maigida, amma tsoron data nake. Idan aka tura gigabait 60 ai sabskirifshin wata ya tafi.

Ɗan Zariya:
Ko kilobait ɗaya ba ya taɓawa, Hajiya. Fayil ɗin daga kwamfuta zuwa rauta zuwa ɗaya kwamfutar yake bi, bai shafi sim ba. Ko datar ta ƙare zai yi, muddin rauta na kunne.

Injiniya Ummu Sudais:
Baban Hanifa, bar kalmar imel ɗin, ba ma sonta ma. Buɗe wa shagon asusu nasa a babbar kwamfutar: Settings, Accounts, Family & other users, ka ƙara mutum. Za ta nace sai ka ba ta imel, ka zaɓi cewa ba ka da bayanin mutumin, sannan ka zaɓi ƙara shi ba tare da asusun Microsoft ba. Sa masa suna shago, da kalmar sirri mai ƙwari. Koma kan foldar, a Sharing ka cire Everyone ka sa shago. Sai ka leƙa shafin Security da ke kusa da shi ka tabbatar shago na nan da izinin Modify. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa: ƙofa biyu ce, sun buɗe ta zaure sun manta ta tsakar gida. A laftof kuma ka rubuta sunan haka: STUDIO\shago. In ta ƙi kawo akwatin, shiga Credential Manager ka goge abin da ta riƙe na gwaje-gwajen baya.

Na san wani zai ce ka kashe password protected sharing ka huta. Ban ba ka shawara ba. Na farko, Windows 11 Pro daga fitowar 24H2 ba ta yarda ta shiga folda a matsayin baƙuwa marar kalmar sirri, sai an yi mata dabaru. Na biyu, kuma shi ya fi damuna: shago ne, kuma na san halinmu, duk abokin da ya zo hira sai an ba shi kalmar Wi-Fi. Hotunan amaren mutane ne a foldar nan, da na kamu inda mata ke sake jiki don sun san su kaɗai ne. Hoto ɗaya ya fita ya shiga WhatsApp, ba kwamfuta za a zo nema ba, kai za a zo nema.

Sarkin Gyara:
To Hajiya, mun karɓi gyara. Amma wallahi nawa yana yi.

Baban Hanifa:
Alhamdulillah! Foldar ta buɗe, ƙanena na ganin komai daga shago. Allah Ya saka da alheri, Ya raya zuri'a. Sai dai da aka ɗauke wuta ɗazu aka dawo da ita, abin ya sake tsayawa. Na duba ipconfig, lambar ta koma 192.168.8.105. Sannan tafiyar hawainiya yake, megabait 3 zuwa 4 a daƙiƙa. Ta ce sai bayan awa huɗu da wani abu za ta gama bikin jiya.

Injiniya Ummu Sudais:
Amin. Lambar aro ce rauta ke bayarwa, in ta mutu ta tashi tana iya sake rabo. Gyara biyu za ka yi.

Shiga rautar shago ta burauza a 192.168.0.1. In tana da Access Point mode, zaɓe shi kawai. In babu, canza lambarta zuwa 192.168.8.2, ka kashe DHCP ɗinta, wato abin da ke raba lambobi, ka zare kebul daga WAN ka mayar ɗaya daga ramukan LAN. Daga nan gidan ya zama unguwa ɗaya, sunan STUDIO ma zai fara aiki. Sannan a rautar falo ka nemi inda ake ɗaure lamba ga na'ura, a ƙarƙashin DHCP yake yawanci, ka ɗaure wa babbar kwamfutar guda ɗaya.

Maganar gudu kuwa, Wi-Fi na 2.4 ne ke ratsa bango biyu, abin da zai iya ke nan. Tsofaffin rautoci ma raminsu megabit 100 ne (ba megabait ba), iyakarsa megabait 11 ko 12 a daƙiƙa, wato awa ɗaya da rabi ga gigabait 60. Sayi ƙaramin swic, wato akwatin haɗa kebula, na gigabit mai rami biyar da kebul Cat6. Rautar falo, babbar kwamfuta da kebul ɗin shago duk su shiga cikinsa, a can shagon kuma kebul ya shiga laftof kai tsaye, ba ta tsohuwar rautar ba. Za ka ga sama da megabait 100 a daƙiƙa, aikin ya dawo kamar minti goma. Ka kuma sa a ranka Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025.

Baban Hanifa:
Na yi na rautar, laftof yanzu 192.168.8.110 take, STUDIO ya fito a Network da kansa. Swic sai ranar Asabar in na shiga kasuwa. Amma laftof ɗin irin siraran nan ce, ba ta da ramin kebul.

Ɗan Zariya:
Ka haɗo da adafta ta USB zuwa kebul. Ka duba kwalin da kyau a ce gigabit ce kuma USB 3.0, don masu 100 sun fi yawa a kasuwa kuma kamarsu ɗaya.