Musayar Waƙa Kan Mishigan da Kakar Zari-ruga ta 2024

(An yi wannan musaya ne kafin fara kakar 2024; ita ake nufi da "bana", kakar 2023 kuma ita ce "bara".)

Ɗan Ann Arbor:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ranar 31 ga Agusta ƙungiyar zari-ruga (ƙwallon ƙafa irin na Amurka) ta Jami'ar Mishigan da ke Ann Arbor za ta buɗe kakar bana da Fresno State a babban filinta mai ɗaukar mutum 107,601, kuma tun da ita ce ke riƙe da kofin jami'o'in Amurka, na ga ya dace a tarbe ta da waƙa, duk da cewa koci Jim Harbaugh ya tafi, Sherrone Moore ya gaje shi. Amsa-amon waje shi ne "ra", wanda zai amsa ya bi shi.

Da sunan Rabbana zan fara,
Ya ba ni fasaha da basira,
In waƙe Mishigan mai nasara,
Wadda ta ɗau kofi a bara,
Kuma bana ma za ta ƙara.

Wasa sha biyar muka yi a jeri,
Babu guda ɗaya da muka bari,
Alabama ta taho da shiri,
Muka datse ta ba ta kai wuri,
Washintan ta biyo ta sha kora.

Harbaugh ya tafi, mun yi ban kwana,
Moore ya hau kujerar a bana,
Graham da Grant suna gabana,
Will Johnson na tsare bayana,
Wa zai keta su ya tsira?

Mai Jar Hula (Kolombos):

Wa alaikumus salam, Yaya. Na karanta baitocinka, kuma ban ga kakar bana a cikinsu ba sai a baiti na uku. McCarthy mai jefa muku ƙwallo da Corum mai gudu da ita sun tafi NFL, gasar ƙwararru. Ga amsa daga ɓangaren Jami'ar Jihar Ohayo da ke Kolombos.

Yaya, waƙarka ta bara ce,
Rundunar taku ta ɓace,
Sha uku NFL ta ƙwace,
McCarthy Minesota ya zarce,
Wa zai ja ragamar saura?

Corum ya tafi, sarkin ƙafa,
Biyar ɗin da ke masa rumfa,
Kowa gaba ya nufa,
Kun rasa wanda zai yi jifa,
Kun ce mana wai za ku ƙara.

Mu kam Kolombos mun yi tanadi,
Downs ya baro Alabama gadi,
Judkins zai cinye muku yadi,
Howard zai jefa ba gargaɗi,
Talatin ga Nuwamba muna jira.

Hajiya ta Detroit:

Ƙanena, ka lissafa mutanen da kuka ɗauko daga wasu jami'o'i, amma ba ka lissafa abin da ya sa kuka fita neman su ba. A 2021 an tashi 42 da 27, a 2022 an tashi 45 da 23 a cikin filinku, a 2023 kuma 30 da 24, duk Mishigan ce a sama, kocinku Ryan Day na kallo.

Ƙanena, sassauta murya,
Shekara uku kuna shan kunya,
Ryan Day ya ɓata hanya,
In ya hango shuɗi da rawaya,
Sai dabara ta gagara.

Ka tuna Edwards a filinku,
Ya keta tsakiyar tsaronku,
Saba'in da biyar a gabanku,
Tamanin da biyar ya daɗa muku,
Yana nan, bai bar mu ba, hattara.

Donovan Edwards ya yi waɗannan gudu biyu ne a zangon ƙarshe na wasan 2022, da hannu ɗaya a ɗaure saboda rauni, yana rungume da ƙwallon a ɗaya hannun, masu jar riga suna binsa a baya har ya kai ƙarshen fili. Shi ne kuma ya ci Washintan da gudun yadi 41 da na yadi 46 a wasan kofi. Wannan yaro bai tafi ko'ina ba.

Ɗan Ann Arbor:

Allah ya ƙara basira, Hajiya! "Shuɗi da rawaya" ya zauna daram a ɗangon nan, kuma babu wani mai jar hula da zai iya tsara irinsa.

Malam Mai Arulli:

Ina yi wa kowa sallama. Ni ba ruwana da wanda zai ci wani, amma tun da waƙa aka ce za a yi, dole ne a kula da kari. Ɗana Mai Jar Hula, a baitinka na biyu ɗangon farko yana da gaɓa 9, na biyu ma 9, sai na uku, "Kowa gaba ya nufa", ya faɗo zuwa 7, sannan ka rufe waƙar da "Talatin ga Nuwamba muna jira" mai gaɓa 11. Duk wanda ya rera baitocin da murya zai ji ya yi tuntuɓe a waɗannan wurare biyu. Ka gyara su kafin ka ci gaba da zambo, domin zambon da karinsa ya karye ba ya kai wa inda aka aike shi.

Mai Jar Hula (Kolombos):

Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara a kan ɗango na uku. Sai dai ina roƙon ku ku auna na Hajiya da ma'aunin da kuka auna nawa. "Tamanin da biyar ya daɗa muku" gaɓa 11 ne cif, "Sai dabara ta gagara" kuma 8 ne, amma ba ku ce uffan ba. Idan arulli yana gani a Kolombos, ya kamata ya gani a Detroit.

Malam Mai Arulli:

Ɗana, ƙidayar gaɓa ita ce matakin farko kawai. Abin da ake dubawa shi ne jerin gaɓa mai nauyi da marar nauyi, domin gaɓa biyu marasa nauyi suna iya tsayawa a gurbin ɗaya mai nauyi, kuma "daɗa muku" gaɓoɓi ne marasa nauyi da ke gudu a baki ba tare da sun tsayar da mai rerawa ba. Naka kuwa giɓi ne ya bari a tsakiyar baiti.

Mai Jar Hula (Kolombos):

To, Malam, "ga Nuwamba muna jira" ma akwai marasa nauyi a ciki, kuma ban ga an yi mini wannan rangwame ba.

Hajiya ta Detroit:

Malam ya yi hukunci, ƙanena. Ka je ka cike gaɓoɓinka biyu da suka ɓace.

Kore da Fari (East Lansing):

Na shigo na tarar ana ƙidayar gaɓa, an manta da babban abin da ya rataya a wuyan kofin da ake yi wa waƙa. Ni na Jami'ar Jihar Mishigan ne, kuma ga nawa baiti guda.

Ku bar gardamar kari da rubutu,
Ku zo mu koma kan batu,
Alamun wasu kuka yi wa karatu,
Big Ten ta ba Harbaugh hutu,
Wasa uku yana waje yana jira.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. A Nuwamban 2023 hukumar Big Ten, rukunin gasar da jami'o'inmu ke ciki, ta hana Jim Harbaugh tsayawa a bakin fili a wasanni uku na ƙarshe kafin wasannin kofi saboda zargin leƙen alamun da abokan karawa ke yi wa 'yan wasansu, kuma har zuwa farkon kakar 2024 NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ba ta rufe maganar ba.

Ɗan Ann Arbor:

Ka kawo hujjar da ta fi kowace ƙarfafa mini gwiwa a kan kakar bana. Waɗannan wasanni uku Sherrone Moore ne ya jagorance su, da Penn State da Maryland da Jihar Ohayo, kuma duka ya ci. A wasan Penn State ya sa aka yi gudu da ƙwallo sau 32 a jere, 'yan tsaron can sun san abin da ke zuwa amma suka kasa tare shi, aka tashi 24 da 15, shi kuma ya tsaya gaban kyamara hawaye na zuba yana gode wa Allah da 'yan wasansa.

Hutun nan ne ya fito da gwani,
Ya je Penn State cikin tsanani,
Gudu talatin da biyu, kun gani,
Ba jifa, ba dogon bayani,
Ya yi kuka da ya ga nasara.

Kai kuma mai kore da fari,
Mun same ka gida cikin gari,
Arba'in da tara da sifiri,
Ka yi shiru, ka ƙara haƙuri,
Sabon kocinka ya fara gyara.

Malam Mai Arulli:

Baitin "sifiri" ya yi kyau, ya tafi a kan ƙafa ɗaya daga farko har ƙarshe.

Mai Jar Hula (Kolombos):

Ga shi nan kuma. Duk baitin da ya sa shuɗiyar riga sai ya wuce ba bincike.

Kawu na Toledo:

'Ya'yana, na makara, kuma na karanta komai daga sama. Garin da nake zaune yana cikin jihar Ohayo amma a bakin iyakar Mishigan, don haka maƙwabtana sun rabu gida biyu, ni kuwa tun kofin 1997 nake bayan Mishigan. Saboda ƙaunar da nake yi mata ne zan faɗi abin da masu yabo suka tsallake. Tsaronmu ban da shakka a kansa. Mason Graham da Kenneth Grant a tsakiya sun isa su hana kowa gudu, Will Johnson ya isa ya rufe gefe guda na fili shi kaɗai, kuma an ɗauko Wink Martindale daga NFL ya maye gurbin Jesse Minter da ya bi Harbaugh zuwa Los Angeles Chargers. Damuwata tana ga wanda zai jefa ƙwallo ga masu karɓa irin su Loveland. Alex Orji an fi saninsa da gudu, Davis Warren ya yi fama da cutar sankarar jini tun yana sakandare ya warke ya shigo ƙungiyar ba tare da tallafin karatu na 'yan wasa ba, abin da ya sa nake girmama shi, amma bai taɓa jan ragamar babban wasa ba, Jack Tuttle kuma yana shekararsa ta bakwai a jami'a mafi yawanta a benci. Gudu sau 32 da ake alfahari da shi, a bayan katangar 'yan wasa biyar na gaba da yanzu ta watse aka yi shi, kuma a lokacin abokan karawa suna tsoron hannun McCarthy. Bana idan suka gane ba mai jifa, za su tara mutum takwas a gaba su jira Edwards da Kalel Mullings.

Ni ma shuɗi nake sakawa,
Amma gaskiya nake faɗawa,
Tsaro shi kaɗai ba ya isarwa,
Loveland na jiran mai miƙawa,
Wa zai miƙa? Ku ba da shawara.

Orji, Warren, Tuttle, ga su,
Uku ne, ana ta auna su,
Tekzas na tafe da shirinsu,
Bakwai ga Satumba za mu gan su,
Ranar za a san mai dabara.

Ku dubi jadawalin da kyau. Tekzas ta shiga gasar huɗun ƙarshe a bara kuma Quinn Ewers ya dawo mata. Big Ten ta zama ƙungiya 18 da shigowar USC da UCLA da Oregon da Washintan, kuma uku daga cikinsu suna kan hanyarmu: USC ranar 21 ga Satumba, Washintan a gidanta ranar 5 ga Oktoba, Oregon ranar 2 ga Nuwamba. Abin da ke ba ni ɗan sauƙi shi ne gasar kofi ta koma ƙungiya 12, saboda haka faɗuwa biyu ba za ta rufe ƙofa ba, ta uku ce nake tsoro.

Kore da Fari (East Lansing):

Allah ya saka da alheri, Kawu. Ku kaɗai kuka yi maganar da za a iya aunawa.

Hajiya ta Detroit:

Kawu, ban musa muku ba a kan mai jifa, amma kun ba abokan gaba abin riƙewa, ga mai kore da fari har ya fara yi muku addu'a.

Mai Jar Hula (Kolombos):

Ku yi haƙuri da jinkirin amsa, aiki ne ya riƙe ni. Malam, na mayar da ɗangon ya zama "Kowa cikinsu gaba ya nufa", ku sake aunawa. Ga kuma sabo, na gina shi a kan maganar Kawu.

Kawu ya faɗa, ba ni na ce ba,
Mai jifa dai ba ku samu ba,
Tekzas ba za ta raga muku ba,
Oregon ba ta zo da wasa ba,
Mu ne za mu share saura.

Malam Mai Arulli:

Yanzu ɗangon ya zama gaɓa 10, ya wuce 'yan uwansa da ɗaya, amma ya fi na da. Sabon baitin kuwa amsa-amonsa na ciki duk "ba" ne na korewa, wanda shi ne mafi arha a harshen Hausa.

Hajiya ta Detroit:

Ƙanena, tun da ka dawo, karɓi wannan ka kai wa kocinku.

Ko da Tekzas ta ba mu wuya,
Ko Oregon ta tare hanya,
Mu dai Kolombos za mu biya,
Graham ya toshe muku tsakiya,
Uku ta zama huɗu a shekara.

Kawu na Toledo:

Hajiya, baitin ya yi daɗi, amma har yanzu babu wanda ya amsa mini tambayata. A cikin ukun nan, wa kike so Moore ya fara da shi ranar 31 ga Agusta?