Neman kalmar Hausa: me za mu kira "snowpack"?

Mai fassara: Salamu alaikum malamai. Ƙarfe 6 zan karanta rahoto kan ruwan Kalifoniya, kalmar nan ta tsaya mini a wuya. Dusar ƙanƙara ce da ke taruwa kan tsaunukan Siyera Nebada duk hunturu, in zafi ya shigo ta narke a hankali ta cika koguna da madatsun ruwa. Kusan kashi 30 cikin 100 na ruwan jihar daga nan yake. A agaza.

Edita: Tarin dusar ƙanƙara. Wuce gaba.

'Yar jarida: Yaya, ai wadda aka kwashe a bakin titi ma tari ce. A rubuce kuma sai a zaci dusar ce ke mura.

Tsohon malami: Rumbun ƙanƙara! Me rumbu yake yi in ban da ajiye na yau don gobe? Masu awon ma ba zurfinta ne damuwarsu ba. Bututu suke cusawa su ciro ta su auna nauyinta, don su san ruwan da za ta bayar in ta narke. Awon 1 ga Afrilu shi ne babba, lokacin ta kai ƙarshen taruwa. A 2015 kashi 5 cikin 100 na abin da aka saba aka samu, har Gwamna Jerry Brown ya ba da umarnin rage amfani da ruwa a birane da kashi 25. Rumbu ne ya wayi gari wayam.

'Yar jarida: Allah ya gafarta Malam, mai sauraro zai ɗauka ɗakin sanyi ake nufi. Kuma wace ƙanƙara? Akwai daskararriya mai shekaru aru-aru ba ta ƙare ba, ita kuwa wannan ta shekara guda ce.

Tsohon malami: Ku 'yan rediyo ba ku son kalma, sai jimla mai jela. Haka kuka tsinka mana harshe.

Edita: Ranka ya daɗe, kalmomin da kuke ƙirƙira a taro a kabad suke kwana. Namu ake ji.

Ɗalibi: A aro "salji" daga Larabci mana.

Tsohon malami: Yaro, Hausa ba ta talauce ba.

Mai fassara: Lokaci ya ƙure. Zan ce "ajiyar dusar ƙanƙara ta kan tsaunuka" a karon farko da ɗan bayani, daga nan "ajiyar" kawai.

Tsohon malami: Ajiya dai a rumbu ake yin ta. Je ka karanta, amma ban sa hannu ba.