Sharaɗin ci gaba da karatu a ɗaurin aure, kotu na karɓa?

'Yar_Funtuwa: Assalamu alaikum. Ina aji huɗu a likitanci, saura shekara biyu, ga shekarar horo a asibiti da bautar ƙasa. An sa ranar aurena bayan Babbar Sallah. Ya ce ba zai hana ni karatu ba, amma da baki kawai. In muka rubuta sharaɗi, kotun Shari'a za ta tilasta masa? Yaya ake rubutawa?

Kawu_Tudu: 'Yata, ki gama karatunki tukuna.

'Yar_Funtuwa: Kawu, an riga an sa rana fa.

Almajirin_Zaure: Wa alaikumus salam. A Malikiyya, wadda kotunanmu ke bi, an so a cika irin wannan sharaɗi, amma alƙali ba ya tilastawa in an faɗe shi haka kawai. Hambaliyya ce ke tilastawa. Mafita a wurinmu ita ce tamliki: ya furta cewa ranar da ya hana ki makaranta, al'amarinki na hannunki, saki ɗaya. A rubuta sunan karatun, iyakar lokacinsa, wa zai biya kuɗin makaranta, da kwanan aiki a asibiti. Shi da waliyyinki da shaidu biyu su sa hannu kafin ɗaurin aure. Inda ake kuskure: a rubuta "ba zan hana ta karatu ba" a tsaya nan, ba a faɗi abin da zai biyo baya in ya saɓa.

Hajiya_Gwammaja: Takarda ba ta tsare komai. 'Yar maƙwabciyata tana aji uku, mijin bai taɓa cewa ta daina ba. Ranar jarrabawa sai ya kulle gida ya tafi kasuwa da makulli, tana tsakar gida da hijabi da katin jarrabawa a hannu. Zango biyu ta rasa. Da ta nemi kul'i, wato ta fanshi kanta ya sake ta, ya ce sai ta biya sadaki da kuɗin lefe. Da goyo ta fito, karatun ya tafi.

Lauya_Sabongari: Allah ya saka mata. Amma Hajiya, ba kul'i ya kamata ta nema ba. In an tabbatar da cutarwa da shaidu, alƙali na raba auren ba ta biya ko sisi. Maƙwabtan da suka ga ƙofar a kulle su ne shaidunta. 'Yar_Funtuwa, ki kai wa lauya ya tsara miki, zai kai dubu hamsin.

Hajiya_Gwammaja: Wane maƙwabci ne zai shiga kotu a kan auren wani?

Anti_Malama: Dubu hamsin? Takardar rantsuwa a babbar kotu ba ta wuce 'yan dubbai ba. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA kuma na taimaka wa mata kyauta.

Lauya_Sabongari: Anti, takardar rantsuwa daban, yarjejeniyar aure daban.

Almajirin_Zaure: Lafazin tamliki malamin fiƙihu ke tsara shi. Kalma ɗaya na canja hukunci.

Lauya_Sabongari: Malam, wanda ke tsayawa gaban alƙali ya san abin da ake karɓa.

Ɗan_Kantin_Kwari: A ƙara da cewa dangin miji na da ganin likita kyauta, ku gani in wani zai kulle ƙofa 😂

Anti_Malama: Ni sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 nake tambaya. Ba ya hana nuna bambancin jinsi?

Lauya_Sabongari: Ya fi shafar doka da aikin hukuma. A cikin gida da wuya ya yi miki aiki. Ƙudurin daidaita jinsi na Sanata Biodun Olujimi ya faɗi a Majalisar Dattawa a Maris 2016, gado na cikin abin da aka yi gardama a kai.

Anti_Malama: Wanda ya fi min ciwo na 1 ga Maris 2022 ne, da Majalisar Tarayya ta ƙi ƙudurori biyar na mata, har da na ba mace 'yancin zama 'yar jihar mijinta bayan shekara biyar. 'Yar_Funtuwa, in mijin ba ɗan Katsina ba ne, ki karɓi takardar shaidar ƙaramar hukumarki yanzu, kuma kada ki canja suna a takardun makaranta. Wajen tallafin karatu ko ɗaukar aiki, jiharki ta ce kin yi aure waje, jihar miji ta ce ke baƙuwa ce.

'Yar_Funtuwa: Ɗan Kano ne. To sharaɗin, wa zan fara tunkara, Baba ko shi?

Hajiya_Gwammaja: Maganar jihar nan gaskiya ce, Anti. Wace ƙaramar hukuma ake rubuta wa 'ya'yan in an rabu?