Ɗakin yara a kan bishiya, gona babu wuta

To jama'a ga abin da na tattara daga hirar nan da muka yi kan ɗakin wasan da nake so in yi wa yara a kan mangwaron gonarmu, inda ko falwaya babu balle NEPA.

Kusan kowa ya ce kar in wahalar da kaina da janareta, in auna komai tun daga gida in kai 'yan katako su yanka min da injinsu, a gona sai zarto da guduma kawai da diril mai batir 18V, batir biyu, a cika su a gida ko a yi caji da sola. Wani kafinta ya ce Alhaji kar ka cika wa bishiya ƙusa, noti mai kauri guda kaɗan ya fi, kuma kar a ɗaure ta da waya don in ta ƙara kauri wayar shaƙe ta za ta yi. Mangwaro da tsamiya da darbejiya sun yi, kuka kam a'a, jikinta taushi gare shi.

Maganar gara an ɗan yi musu, wasu sun ce baƙin mai, ni dai ban yarda ba tunda yara za su riƙa shafa katakon, gara maganin gara na kanti a bari ya bushe sosai.

Tsayi kar ya wuce mita 2, a sa makari kewaye, a zuba yashi a ƙasa. Rufi kuma zana, kwano da rana sai ya gasa su. Saura in kori tururuwan da ke jikin reshen.