Fim ɗin yaran Bagalam: a kalla ko a bari?

Hajiya Rabi: Salamu alaikum 'yan zaure. Wa ya ga fim ɗin nan na yaran unguwar Bagalam ta nan Maradi, na matar da mijinta ya tahi Libiya? Ɗiyata ta dame ni in sa a turo muna.

Sani Tela: Wa alaikumus salam Hajiya. A turo, babu abin kunya ciki.

Malam Isuhu: Hajiya, bari in gaya miki gaskiya. Dala ɗari na biya ranar da aka haska shi, na fito da ciwon kai. Labarin ya yi, amma sauti ya kashe shi. Wurin da uwar miji ke ce wa yarinyar ta kai maganar gun malamai tunda ba aike ba labari, nan ne zuciyar fim ɗin, kuma a bakin titi suka ɗauke shi! Bakin tsohuwa na motsi, kai kuwa kabu-kabu kake ji da mai tallan ruwa. Wanda ya yi sharhi a rediyo ma haka ya ce, ya ƙara da cewa waƙa ukun da aka cusa kwaikwayon Kano ne. Mace na cikin takaba, sai ga ta tana rawa cikin lambu.

Zuwaira: Ba takaba ba ce Malam, mijin bai mutu ba. Ka ga ba ka ji fim ɗin ba.

Malam Isuhu: To ai abin da nake faɗi ke nan, ɗiyata.

Zuwaira: Mu dai a layinmu mata har kuka suka yi. Hausarmu ce ake yi, "mi kike so", ba "me" ba. Ga gari ya ƙare, tana kaɗa kwanon awo. Mai sharhi bai ga wannan ba?

Lawali: Masu sharhin nan sai Turawa sun yaba suke yabawa. Nijar, ƙasar da Umaru Ganda ya ɗauko mata babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu tun 1972, yau yara na ɗaukar fim da kuɗin aljihunsu, ba mai ba su ko abin naɗar murya.

Habu Damagaram: Ku zo Zinder a koya muku. Aisha Macky ta shiga unguwar Kara-Kara da kyamara, a 2021 duniya ta kalla.

Sani Tela: Wancan ba wasan kwaikwayo ba ne, Habu. Kuma kai mi ya zaunar da kai Maradi in can ta fi?

Habu Damagaram: Kasuwa, maigida.

Hajiya Rabi: Oh ni Rabi. In sa a turo ko a'a?

Lawali: Hajiya, kar a kai wa masu turi, ko dala yaran ba su gani. A jira su sake haskawa.

Zuwaira: Yaushe? Inna, aiko Hadiza da memori bayan la'asar.

Sani Tela: Malam Isuhu, ɗinkinka ya ƙare tun Talata fa.