Neman shawara: in koya wa ɗana lissafi yadda aka koya mana, ko in bar shi da hanyar makaranta?

Uwar ɗan aji huɗu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah ku ba ni shawara. Ɗana yana aji huɗu na firamare, kuma a makarantarsu ba a sa yara haddar jadawalin sau. Malamarsu ta ce fahimta ake so, yara su zauna rukuni-rukuni su gano hanyar warware tambaya da kansu. Idan aka ba shi 23 sau 14, sai ya zana akwati ya raba shi gida huɗu. Yakan samu amsar, amma in ka tambaye shi 7 sau 8 sai ya koma ƙirga da yatsu. Na nuna masa yadda muke jera lambobi sama da ƙasa, sai ya ce malama ta hana. Ina tsoron in ruɗa shi, ina kuma tsoron in zuba ido a bar shi a baya. Yaya zan yi?

Tsohon hedimasta:
Wa alaikumussalam 'yata. Ki sa shi ya haddace jadawalin, ba sai kin nemi izinin kowa ba. Abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa lokaci guda kaɗan ne. Yaron da ke ƙirga 7 sau 8 da yatsu, kafin ya kai 56 ya manta abin da aka tambaye shi tun farko, balle a zo doguwar rabawa. A Ingila tun 2022 wajibi ne a gwada 'yan aji huɗu a kan jadawalin har zuwa 12 sau 12, tambaya 25, kowace daƙiƙa 6. Ba don wasa suka sa shi ba.

Malamar lissafi:
Baba, na yarda da batun hadda, amma kada a yar da akwatin nan. Yaya, duba abin da ɗanki yake yi: ya fasa 23 zuwa 20 da 3, ya fasa 14 zuwa 10 da 4. Gidajen huɗu suna ba shi 200, 80, 30 da 12, jimla 322. A taki hanyar kuwa layin farko 92 ne, na biyu 230. To 92 ɗin nan ai 80 da 12 ne, 230 kuma 200 da 30. Hanya ɗaya ce, taki dai an taƙaice ta. Da yawanmu mun sa sifili a layi na biyu shekara da shekaru ba mu san dalilinsa ba, alhali dalilin shi ne 1 na cikin 14 goma ne. Ɗanki ya riga ya san wannan, kuma zai sake cin moriyarsa ranar da ya shiga aljabara, wato lissafin da ake yi da haruffa a madadin lambobi. Inda ba na tare da malamarsu shi ne tsayawa a akwatin. Ya kamata a wuce da shi zuwa gajeriyar hanya, a yi ta maimaitawa har hannunsa ya saba.

Mai karatun horon malamai:
Hajiya, gardamar nan tsohuwa ce. A Amurka ƙungiyar malaman lissafi ta ƙasa ta fitar da sabon tsari a 1989, wanda ya fifita warware matsala da tattaunawa a aji, ya rage nauyin atisayen takarda da fensir. Iyaye da malaman jami'a suka tashi, musamman a Kalifoniya, har jihar ta sake ƙa'idojinta a 1997. A 1999 masana lissafi da kimiyya kusan 200 suka sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga sakataren ilimi Richard Riley suna sukar littattafan da ma'aikatarsa ta yaba. Kwamitin da Shugaba Bush ya kafa ya ba da rahoto a 2008 cewa fahimta, ƙwarewar aiki da lambobi da iya warware matsala suna ƙarfafa juna, kuma yaro na buƙatar amsoshin ƙananan lissafi su zo masa nan take. Singafo, wadda ɗalibanta ke kan gaba a gwaje-gwajen duniya, tana farawa da abubuwan da yaro zai taɓa da hannu ya ƙirga, sai zane, sannan lambobi zalla, da atisaye mai yawa.

Tsohon hedimasta:
Malama, lissafinki ya fita, na karɓa. Amma batun yaro ya gano komai da kansa, ban yarda ba. Mai kaifin kai zai gano, sauran kuma su kwafi nasa. Aikin malami ne ya tsaya gaban allo ya nuna.

Uwar ɗan aji huɗu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To ta ina zan fara ba tare da na haɗa shi da malamarsa ba?

Malamar lissafi:
Kada ki ce masa hanyar malama ba daidai ba ce. Ki bar shi ya yi aikin gida da akwati, sannan ki rubuta taki a gefe, ki ce ya nemo miki inda 92 ya ɓuya a cikin akwatinsa. Jadawalin kuma minti biyar zuwa goma kullum ya isa. Ku fara da na 2, 5 da 10, sai 4 wanda ninkin na 2 ne, sai 8. Ki nuna masa 7 sau 8 da 8 sau 7 abu ɗaya ne, haddar za ta ragu kusan rabi. Kada ki riƙa auna saurinsa da agogo sai amsoshin sun zauna. Sannan ki je ki ga malamar cikin mutunci, ki tambaye ta a wane zango za su koma jera lambobi sama da ƙasa.